Gidanka Ne, Amma Kwanakinka a Ƙirge Suke: Yadda Mai Gida a Ƙasar Waje Zai Kiyaye Wa'adin Zama

Shekara biyu ke nan da wani yayana, wanda ya daɗe yana aikin likita a Ingila har ya samu fasfon ƙasar kafin ya yi ritaya, ya zo Kano hutun sallah. Wata la'asar muna zaune a soron gidanmu, sai ya ambata cewa daga nan kudancin Sifaniya zai wuce, inda ya sayi ɗan madaidaicin gida a bakin teku, ya yi mako uku kafin ya koma Ingila. Na ce masa, "Yaya, ka kuwa ƙirga kwanakin da ka riga ka yi a can bana?" Ya yi dariya ya ce, "Haba ƙanena, wane irin ƙirge kuma? Gidana ne, da kuɗina na saya, fasfona kuma ba ya buƙatar biza." Da na matsa masa, ya aika aka ɗauko fasfon daga cikin gida, muka buɗe shi a kan darduma, ni ina karanto kwanan watan da ke jikin kowane hatimi, shi yana rubutawa a bayan wata tsohuwar ambulan. Da muka gama lissafi, kwana 9 kacal suka rage masa cikin 90 da doka ta yarda ya zauna a can, alhali tikitin da ya yanka na kwana 21 ne. A daren nan ya sauya ranar dawowarsa.

Irin wannan tunani ruwan dare ne a tsakanin mutanenmu da Allah ya hore wa, waɗanda suka mallaki gidaje a Dubai, Landan, Alƙahira, Santambul ko Akara domin su riƙa zuwa hutu, ko jinya, ko duba 'ya'yansu masu karatu. Mutum yakan ɗauka cewa da zarar takardar gida ta shiga hannunsa, to ya zama ɗan gari. A idon hukumar shige da fice kuwa har yanzu baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. Ofishin da ke rajistar filaye da gidaje daban yake, ofishin da ke ba da izinin zama daban, kuma a mafi yawan ƙasashe takardar da na farko ya bayar ba ta ƙara wa mai ita ko da kwana guda a wajen na biyun.

Abu na farko shi ne mutum ya san ta wace ƙofa yake shiga ƙasar, domin kowace ƙofa da nata wa'adin. Akwai shiga ba tare da biza ba, akwai shiga da bizar ziyara, akwai kuma zama da cikakken izini, wanda mutanenmu da suka saba da Saudiyya suke kira iƙama. Biyun farko duk na baƙunta ne, kuma kalmar "babu biza" tana nufin an yafe maka neman izini tun daga gida ne kawai, ba a yafe maka ranar tafiya ba. Ga mai koren fasfon Nijeriya, inda ya fi samun wannan dama shi ne ƙasashen ƙungiyar ECOWAS, bisa yarjejeniyar 'yancin zirga-zirga da aka sa wa hannu a Dakar a 1979. Yarjejeniyar ta yafe biza ne ga zaman da bai wuce kwana 90 ba, da sharaɗin mutum ya shiga ta halastacciyar kan iyaka, riƙe da ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafi, kuma wanda ya so ya zarce hakan sai ya nemi ƙari daga hukumar ƙasar. Saboda haka Bakanon da ya gina gida a Kumasi ko Kwatano, yana son ya riƙa yin wata huɗu ko biyar a can, hanyarsa ita ce ya yi katin zama na wannan ƙasa tun kafin watanni ukun farko su cika.

Nijar ce ta fi sa mu sakaci, saboda harshenmu ɗaya, danginmu ɗaya, mutum kan bi ta Jibiya ko Maigatari ko Kongolam zuwa Maraɗi ko Damagaram kamar wanda ya leƙa Gaya ɗaurin aure. To amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu, 2025. Ɓangarorin biyu sun sanar da cewa za a ci gaba da shiga ba tare da biza ba, sai dai abin da ya tsaya a kan sanarwa bai kai wanda ya tsaya a kan yarjejeniya ƙarfi ba. Mai gida a can ya daure ya tsaya a kan iyaka a buga masa hatimin shiga da na fita, ko da direba yana ta gaggawa. Dattawanmu ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar, mutane da yawa suka karyar da gidajensu ko suka bar su haka nan. Nijeriya ma ta yi makamancin haka ga baƙinta a 1983.

Abu na biyu shi ne mutum ya karanta bizarsa da kansa, kada ya bar wa ejan ko yaron ofis. A jikin biza akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa: lokacin da bizar take raye, wato ranar farawa da ranar ƙarewa, sau nawa aka yarda a shiga da ita, da kuma yawan kwanakin da aka yarda a zauna. Biza mai shekara biyar ba ta nufin zaman shekara biyar, tana nufin cikin waɗannan shekaru kana iya zuwa bakin ƙofa ka nemi shiga. Haka nan biza tana iya zama ta wata shida amma a rubuta kwana 15 ko 30 a layin tsawon zama, kuma wannan ƙaramar lambar ita ce hukuma take kallo. Bayan an buga hatimi a filin jirgi, mutum ya dakata a gefe ya duba abin da jami'in ya rubuta kafin ya wuce ɗaukar kaya, domin gyaran kuskure a wannan minti ya fi sauƙi fiye da gyara shi ranar fita.

Inda lissafi ya fi rikita mutane shi ne yankin Shengen na Turai, wanda yanzu ya ƙunshi ƙasashe 29, ciki har da Faransa, Jamus, Italiya, Sifaniya, Fotugal, Girka da Suwizalan. Ƙa'idar ita ce baƙo ba zai wuce kwana 90 ba a cikin kowane kwana 180, kuma ta hau kan mai bizar ziyara da wanda fasfonsa bai buƙatar biza baki ɗaya. Ana ɗaukar ƙasashen nan tamkar ƙasa guda, don haka kwana 40 a gidanka na Sifaniya da kwana 20 wajen aboki a Jamus sun zama 60. Ranar da ka sauka kwana ce cikakkiya, ko da ƙarfe goma sha ɗaya na dare jirgin ya sauka, haka ma ranar da ka tashi, ko da asubar fari ka bar ƙasar. Kwana 180 ɗin kuma ba su da tsayayyen mafari irin na shekara. A kowace rana da kake cikin yankin, ka waiwaya baya kwana 180 har da ita wannan ranar, ka ƙirga nawa ka yi a ciki; in sun haura 90, ka keta doka. Wannan ya sa fita zuwa Landan ko Kasabalanka na kwana uku a dawo ba ya goge komai, sai dai ya tsayar da ƙirgen na waɗannan kwanaki kaɗai.

Bari a kwatanta da misali, domin wannan abu sai an gan shi a kan takarda yake zama a kai. A ce wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ya shiga yankin ranar 1 ga Maris ya fita ranar 29 ga Afrilu. Ya ci kwana 60 ke nan, 31 na Maris da 29 na Afrilu. Ya sake shiga ranar 1 ga Yuni, sauransa kwana 30, don haka dole ya fita ranar 30 ga Yuni. Yanzu jakarsa ta ƙare sarai, kuma ba zai samu ko kwana ɗaya ba sai kwanakin Maris sun fara faɗuwa daga lissafi. Ranar 1 ga Maris tana fita daga cikin kwana 180 ne a ranar 28 ga Agusta, saboda haka ita ce rana ta farko da zai iya komawa. Daga nan kullum kwana ɗaya na tsohon zamansa yana faɗuwa, shi kuma yana cin sabo ɗaya, har kwanaki 60 na Maris da Afrilu su ƙare, wanda zai kai shi ranar 26 ga Oktoba. Ranar 27 ga Oktoba zai zama yana da kwana 91, domin kwanakin Yuni ba su fara faɗuwa ba tukuna. Wanda kuwa ya yi kwana 90 a jere, sai ya yi wasu 90 cif a waje kafin ya sake shiga. Hukumar Tarayyar Turai tana da na'urar lissafin gajeren zama a shafinta na intanet, kyauta, kuma ina ba da shawarar a yi amfani da ita kafin a yanki tikiti, sannan a sake gwadawa da biro da takarda, domin kwanan wata ɗaya da aka shigar ba daidai ba yana ɓata lissafin gaba ɗaya.

A da, wasu sun riƙa tsira saboda jami'in kan iyaka ya gaji, ko hatimai sun hau kan juna har ba a iya karanta su. Wannan zamani yana shuɗewa. Daga ranar 12 ga Oktoba, 2025, ƙasashen Shengen suka fara aiki da tsarin EES, wanda ke ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙo, ya adana ranar shigarsa da ta fitarsa a kwamfuta a madadin hatimi, ya kuma fitar da sunan duk wanda ya zarce da kansa. Hukuncin zarcewa ya danganta da ƙasar da aka kama mutum da kuma yawan kwanakin: wata ta ci tara, wata ta ba da umarnin ficewa, wata ta haɗa da haramcin shiga, wanda a ƙa'idar Tarayyar Turai yana iya kaiwa shekara 5. Idan aka shigar da haramcin a rumbun bayanan da ƙasashen suke tarayya a kai, to ƙofa 29 ce ta rufe a lokaci guda.

Masu fasfo biyu su ma su kula. Tun ranar 1 ga Janairu, 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, mai fasfon Birtaniya ya koma ƙarƙashin ƙa'idar kwana 90, abin da yayana ya sha'afa da shi ke nan. Waɗanda suka sayi fasfon ƙananan ƙasashen tsibiran Karebiyan ta hanyar zuba jari su ma wannan ƙa'ida ce a kansu, kuma irin wannan gata yana iya gushewa dare ɗaya, kamar yadda Birtaniya ta ɗora wa 'yan Dominika biza a Yulin 2023. Shiga da wannan fasfo yau da wancan gobe ba ya ninka kwanaki, domin mutum ake ƙirga wa, yatsunsa kuwa ba sa sauyawa.

Birtaniya ba ta cikin Shengen, kuma tsarinta daban ne. Bizar ziyara, ko ta wata shida ce ko ta shekara 2, 5 ko 10, tana ba da damar zama har wata shida a kowace shiga. Babu wata doka da ta ce kwana kaza a shekara, amma akwai sharaɗin da ya fi kama masu gidaje a Landan: ba a yarda baƙo ya mayar da ƙasar mazauninsa ta hanyar ziyara a kai a kai ba. Wanda ya yi wata biyar, ya zo Kano ya yi mako uku, ya koma ya sake wata biyar, bai zarce wa'adi ko sau ɗaya ba, amma jami'i yana da ikon ya hana shi shiga, kuma a irin wannan yanayi mallakar gidan tana iya zama hujja a kansa maimakon ta taimake shi. Saboda haka yana da kyau mutum ya riƙe shaidar cewa rayuwarsa a Nijeriya take, kamar takardun kasuwanci, na haraji da na makarantar yara. Wanda ya zarce fiye da kwana 30 sannan ya fita da kansa da kuɗinsa, ana haramta masa komawa na shekara guda; wanda aka taso ƙeyarsa ko aka kama shi da ƙarya a takardun neman biza, haramcin yana kaiwa shekara 10.

A Amurka, jami'in filin jirgi ne yake yanke tsawon zama, kuma ranar tana cikin bayanin da ake kira I-94, wanda ake dubawa a intanet bayan an sauka. Zarcewa ko da na kwana ɗaya yana kashe bizar da ke cikin fasfo. Wanda ya zarce fiye da kwana 180 ya fita, haramcin shekara 3 ne. Wanda ya kai shekara guda, 10. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da take ba 'yan Nijeriya ta zama ta shiga ɗaya mai wata uku, wanda ya isa ya nuna cewa abin da mutum ya sani bara ba lallai ya yi masa aiki bana ba.

Sai Saudiyya, wadda ta fi kowace ƙasa kusa da zuciyar Bakano, kuma inda aka fi ɗaukar zarcewa da wasa, har ana ganin kamar ibada ce a ɓuya a jira Hajji. Bizar Umara tana ba da zama har kwana 90, amma akwai wani wa'adi na biyu da yake hawa kanta: kowace shekara hukumomi suna sanar da ranar ƙarshe da masu Umara za su bar ƙasar kafin aikin Hajji, ko da kwanakin bizar ba su ƙare ba. A 2025 ranar ita ce 1 ga Zulƙida 1446, daidai da 29 ga Afrilu. A wannan shekarar ma'aikatar cikin gida ta tunatar da cewa wanda ya zauna bayan ƙarewar bizarsa yana fuskantar tarar da za ta iya kaiwa riyal 50,000, da ɗaurin da zai iya kaiwa wata shida, sannan a fitar da shi daga ƙasar. Kowa a Kano ya san wanda ya dawo ta tarhil, wato aka koro shi daga ƙasar, da jaka ɗaya a hannu. Akwai wani ƙaramin tarko a nan: sanarwa kan zo da kalandar Hijira, tikiti kuma da ta Miladiyya, kuma tun da wata ko 29 ne ko 30, wanda ya yi lissafi da ka yana iya kuskure da kwana guda. A rubuta kwanan watan biyu gefe da gefe. Wanda yake son dogon zama ta hanyar mallakar gida, Saudiyya ta buɗe wani rukuni na iƙama ta musamman a Janairun 2024 ga mai gidan da darajarsa ta kai riyal miliyan 4, kuma ita ma nema ake yi, ba ta zuwa tare da mukulli.

A Dubai tarar zarcewa dirhami 50 ce a kowace rana, wato wata biyu ya kai dirhami 3,000 ga mutum ɗaya, sai a ninka da yawan iyalin da aka tafi da su. Wasu sukan ce ai kuɗi ne kawai, a biya a wuce. Ni ban yarda da wannan ba, domin tarar tana ƙarewa da biya amma sunan yana nan a kwamfuta, kuma kamfanin da ya ɗauki nauyin bizar yana iya kai rahoton cewa baƙonsa ya tsere, wanda warware shi ya fi biyan tara wahala nesa ba kusa ba. Ya kamata kuma a tuna cewa daga 2022 zuwa Yulin 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Nijeriya biza, kuma mai gidan da ya dogara da bizar ziyara ya zauna a Kano yana biyan kuɗin kula da bene na gidan da ba ya iya taka ƙofarsa. Turkiyya ita ma ƙa'idar kwana 90 cikin 180 take bi, sai dai lissafinta daban yake da na Shengen.

Wanda ya ga cewa kwanakin baƙunta ba za su ishe shi ba, to ya nemi izinin zama, kuma ya binciki wannan tun kafin ya biya kuɗin gida, domin dillali gida yake sayarwa, ba shi ke ba da izini ba. A Daular Larabawa, gidan da ya kai dirhami miliyan 2 yana ba mai shi damar neman izinin zama na shekara 10. A Turkiyya, tun Oktoban 2023 sai gida ya kai dala 200,000 kafin a nemi izinin zama da shi, kuma akwai unguwannin da aka rufe rajistar sababbin baƙi a cikinsu saboda yawan 'yan ƙasar waje, don haka gida mai kyau a unguwar da aka rufe ba zai biya buƙata ba. A Turai ƙofar tana ƙara ƙunci: Fotugal ta cire sayen gida daga hanyoyin samun irin wannan izini a Oktoban 2023, Sifaniya ta rufe shirinta a Afrilun 2025, Girka kuma ta ɗaga kuɗin a 2024 zuwa yuro 800,000 a wurare irin su Atina da yuro 400,000 a sauran yankuna. Akwai hanyar da ba ta rataya a kan darajar gida ba, wato bizar dogon zama mai harafin D, irin wadda Faransa ke ba mai ziyara da ya nuna yana da abin da zai riƙe kansa, da inshorar lafiya, ya kuma yi alkawarin ba zai yi aiki ba. Ana neman ta ne daga ƙasar da mutum yake zaune kafin ya tashi, kuma kwanakin da ya yi da ita a ƙasar da ta ba shi ba sa shiga lissafin 90.

Izinin zama ma yana da nasa ƙirgen, sai dai a juye. Iƙamar Daular Larabawa ta yau da kullum tana mutuwa idan mai ita ya yi fiye da wata shida a waje, ban da mai shekara 10 ɗin nan. Izinin zama na dindindin a Birtaniya yana faɗuwa bayan shekara biyu a jere ba a ƙasar. Ga kuma haraji: a ƙasashe da yawa, ciki har da Sifaniya da Birtaniya, wanda ya kai kusan rabin shekara, wato a kan iyakar kwana 183, ya zama mazauni a wajen hukumar haraji, wadda za ta iya tambayarsa abin da yake samu har a Kano. A Birtaniya shekarar haraji tana farawa ne ranar 6 ga Afrilu, kuma samun gida a ƙasar yana cikin abubuwan da kan sa a ɗauki mutum mazauni tun bai kai waɗannan kwanaki ba. Wannan fanni ne da ya cancanci a biya lauya ko akanta na ƙasar a ji ta bakinsa.

Game da tsarin yau da kullum, mutum ya ware ɗan littafi, ko shafi a wayarsa, ya riƙa rubuta ranar shiga da ranar fita a ranar da abin ya faru, ya adana katin hawa jirgi, ya ɗauki hoton kowane hatimi. Kowane ɗan gida da nasa shafin, domin Hajiya takan rigaye maigida tafiya, yara su zo hutun makaranta, tsohuwa ta tsaya ganin likita, mai aiki kuma bizarta takan bambanta da ta kowa, kuma sau da yawa wanda ba ya riƙe da fasfonsa a hannunsa shi ne yake zarcewa ba da saninsa ba. A duba ranar ƙarewar fasfo, tun da Shengen tana so ya rage aƙalla wata uku bayan ranar fita, ƙasashe da dama kuma wata shida suke nema. Sannan kada a yanki tikitin dawowa a ranar ƙarshe ta wa'adi. A bar tazarar mako guda aƙalla, musamman ga mu da jiragenmu zuwa filin Malam Aminu Kano ba kullum suke tashi ba, kuma sau da yawa sai an yada zango a Alƙahira ko Adis Ababa. Wanda ya tuna yadda aka rufe filayen jiragen Nijeriya ga jiragen waje daga Maris zuwa 5 ga Satumba, 2020 ya san cewa hanyar gida tana iya toshewa ba shiri.

Idan rashin lafiya ko sokewar jirgi ta riski mutum, ya garzaya hukumar shige da fice tun wa'adinsa yana raye, riƙe da rahoton likita ko wasiƙar kamfanin jirgi, ya nemi ƙari a rubuce, ya kuma karɓi shaidar cewa ya nema. Dokar bizar Shengen ta tanadi ƙari kyauta saboda abin da ya fi ƙarfin mutum ko dalilin jinƙai, da kuma ƙari na yuro 30 saboda babban uzuri na ƙashin kai. Son a ƙarasa fentin gida ko jiran mai haɗa kicin ba ya cikin waɗannan. A Saudiyya jawazat ake nufa, wato ofishin fasfo da shige da fice, ta hannun kamfanin da ya kawo mutum.

Wanda kuwa ya riga ya zarce, kada ya ƙara ko kwana ɗaya don tsoron abin da zai tarar a filin jirgi, domin a Birtaniya kwana 30 ne kan iyakar haramci, a Amurka 180, kuma kusan ko'ina wanda ya fita da ƙafarsa ya fi wanda aka kama samun sassauci. Ya biya tara a ofishin hukuma, ya karɓi rasiti ya adana, ya guji duk wanda ya ce zai "goge" masa suna a kwamfuta ko ya buga masa hatimin baya, domin wannan yana mayar da laifin da tara ke wankewa ya koma na jabun takardu. Ya tambaya a ba shi a rubuce ko an sa masa haramci, da tsawonsa, da hanyar ɗaukaka ƙara. Duk lokacin da fom ɗin neman biza na wata ƙasa ya tambaye shi ko ya taɓa zarce wa'adi, ya amsa da gaskiya ya haɗa da bayani da rasitin. Kuma tun da haramci ba ya dakatar da harajin gida, kuɗin wuta da na kula da bene, yana da kyau tun ana zaman lafiya mai gida ya yi takardar wakilci a gaban hukumar da ƙasar ta amince da ita, ga lauya ko amintaccen ɗan'uwa mazaunin can, wadda ta fayyace ikon biyan kuɗaɗe da ba da haya, ta kuma faɗi ƙarara ko wakilin yana da ikon sayar da gidan ko ba shi da shi.